Shekarar da Na Rufe Daddawar Inna a Leda

Warin kalwa da ake dafawa da jiƙaƙƙen itace ne ya same ni yau da safe a kan darduma. Ruwa ya kwana yana zuba a Gaya, da gari ya waye sai iska ta kwaso hayaƙin gidan maƙwabta ta shigo mini da shi ta taga, mai nauyi, mai ɗan tsami, irin wanda ke kama zane ya ƙi fita. Na daɗe ban tashi ba. Shekara goma sha uku ke nan, amma duk damina warin nan sai ya mayar da ni tsakar gidanmu, ya ajiye ni gaban tukunyar Inna.

Ƙauyenmu yana kusa da Tanda, tsakanin gonakin hatsi da fadamar shinkafa ta bakin kogi. A lokacin ina da shekara goma sha bakwai, ina karatu a lise, wato babbar sakandare, a nan Gaya, na koma gida babban hutu. Ni ce ɗiyar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana. "Ke" take cewa, in tana cikin raha kuma ta ce "'yar lakwal", wato 'yar makaranta.

Daminar shekarar ta shigo da yaudara. An yi ruwa mai kyau, kowa ya fita ya yi shuka, daga nan sama ta ɗauke kusan mako uku. Tsiron hatsi ya yi ja, ya kwanta a kan rairayi kamar zare. Aka sake shuka da irin da aka so a ci. Da ruwa ya dawo kuma sai ya ƙi tsayawa, kogi ya hauro ya shanye shinkafar Baba tun ba ta yi ciki ba. Na tuna shi tsaye a bakin fadama, ruwa har gwiwarsa, yana duban inda gonarsa take kamar mai jiran a maido masa da ita. Rumbunmu kuwa tun kafin haka in ka yi magana a bakinsa muryarka ce ke dawowa.

Sau ɗaya muke ɗora tukunya, da la'asar. Da safe a jiƙa garin rogo na kasuwar Malanbil a raba wa ƙannena, sauranmu mu sha ruwa mu kama aiki. Ganyen tafasa da rama, a dafa, a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli-ƙuli. Yunwar damina ba ta da hayaniya. Komai kore shar, kwaɗi na kuka, gajimare kamar tulin auduga, kai kuma in ka miƙe da sauri sai ka ga taurari da rana tsaka.

Abin da ke kawo mana tiyar masara a gida shi ne daddawar Inna. Daga Tanda har kasuwar Gaya, in aka ce Hajo mai daddawa an san wadda ake nufi. Ba ta taɓa ɗaga murya ta yi talla ba. Takan duba inda iska ke fitowa ta zauna ta can, ta ɗan ɗaga faifan da ke kan ƙwarya, shi ke nan. Sai ka ga mace ta wuce da kwandonta, ta yi taku uku, ta tsaya, ta juyo. Inna ta gutsura mata kaɗan, ta shaƙa, ta ɗora a harshe, sannan a yi ciniki. Babbar mai sayenta ita ce Hajiya Dije, wadda ke da rumfar tuwo a tashar manyan motoci, inda direbobi ke kwana da kwanaki suna jiran takardun duwan, wato kwastan. Kowace ranar kasuwa ƙwarya guda take ɗauka.

Amma a shekarar ciniki ya ja baya. Mai neman hatsi bai cika damuwa da daɗin miya ba, ga kuma 'yan dunƙulen miya na butik, wato kanti, masu takarda mai sheƙi, waɗanda ba su cika wa mutum jaka da wari. Ita ma Inna ba ta koma daidai ba. Da bazara, ana tsakiyar kaɗar ɗorawa, ta yi zazzaɓi da mura mai tsanani, ta kwanta mako biyu. Ta tashi, ta ci gaba da aikinta, sai dai ta yi shiru. Da can ita ce ke fara cewa a kwashe shanya, ruwa na zuwa, ta ji ƙamshin ƙasa. A daminar nan sai mun ji digo a ka. Wata rana tuwo ya kama a tukunya tana zaune gefensa tana tsince wake, har Gwaggo Lanti, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, ta fito daga ɗaki da gudu ta sauke. Na ɗauka tunani ne. Kowa yana da abin tunani a shekarar.

Dabarar ta zo mini ne a rumfar Hajiya Dije, ranar da na raka Inna. Wani direba mai zuwa Yamai ya gama cin tuwo yana lasar yatsu, ya ce da zai samu da ya kai wa matarsa irin wannan daddawa, amma in ya saka ta a gaban mota ba zai kai Doso ba sai ya sauka ya bar mata motar. Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na riga na ga yadda ake jera kayan Kwatano a butik, kowane a ledarsa, da takarda mai suna. Duk hanyar komawa gida ina ganin sunan Inna yana tafiya a cikin motoci, yana sauka a garuruwan da ba ta taɓa takawa ba.

Na faɗa mata muna wankin kwanuka. Na yi zaton za ta ce in bar mata aikinta.

"In an rufe ta a leda, wa zai ji ta?" ta ce.

"Za su karanta, Inna. Sunanki ya isa. Zan sa lambar salular Baba, duk mai so ya kira daga ko'ina."

Ta daɗe tana cuɗa kwano guda. Sannan ta ce, "Ke nan ba sai an shaƙa a kasuwa ba."

"Ba sai an shaƙa ba."

"To, mu gwada."

Na yi murna har ban tsaya mamakin saurin yardarta ba.

Na je Gaya wajen mai fotokofi na kusa da lise, da 'yan kuɗin karin kumallon da na tara a shekara. Ya buga mini takardu, kowace da zanen itacen ɗorawa da na yi da hannuna, a ƙasa kuma: Daddawar Hajo, Tanda. Inna ba ta karatun boko, amma ta sa na nuna mata inda sunanta yake. Ta bi haruffan huɗu da yatsa.

"Ƙato haka? Ko babanki bai taɓa kiran sunan nan gaban mutane ba, ke kin buga shi a takarda."

Gwaggo Lanti ta ce, "Bar ta, Hajo. Gobe shugaban ƙasa zai aiko a kai masa."

Kalwar da ta rage mana buhu guda ce, ba cikakke ba. Daga ita sai wata bazara. Inna ta ce a dafa duka, tunda direbobi ba su da iyaka.

Mun fara da itace. Babu busasshe a garin, sai da muka jera shi kewaye da murhu ya sha zafi kafin ya yarda ya kama. Kalwa ta wuni tana tafasa, muna ƙara ruwa, hayaƙi na fitar mana da hawaye. Washegari muka zuba ta a turmi da ɗan rairayi, ni da Gwaggo muna sussuka a hankali don ɓawon ya saki ba tare da ƙwayar ta farfashe ba. Saboda yunwa taɓarya ta yi mini nauyi kamar gungume. Muka kai bakin ruwa, wanda a lokacin ya matso har bayan gari, muka wanke a ƙwarya mai huji-huji, baƙin ɓawo yana bin ruwa yana tafiya. Aka sake dafawa da 'yar kanwa, Inna ta shimfiɗa ganye a kwanduna, ta juye da zafinta, ta lulluɓe da buhuna, ta yi bisimilla ta ja ƙofar ɗakin. Kwana uku ba mai buɗewa.

Rana ta uku ta kira ni. "Ke, zo ki shaƙa. Me kika ji?"

A daminar kullum haka take yi, ni kuma ina jin daɗi, ina ganin ta fara koya mini sirrin aikinta. Na sunkuya. Warin ya hau mini kai, mai kaifi, har idona ya kawo ruwa, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani ƙamshi kamar na nama da ya daɗe a wuta.

"Ta nuna, Inna."

Ta nuna ɗin kuwa. A nan ban yi ƙarya ba.

Muka kirɓa, muka mulmula, muka fyaɗa, muka jera a tabarmi. Saura rana, rana kuwa ita ce babu. Ta leƙo da hantsi mu fitar, gajimare ya taso mu kwashe, ya wuce mu mayar. Wata rana sau biyar muka yi haka. Daddawar ta yi baƙi, bayanta ya yi tauri, in ka taɓa sai ka ce ta gama.

Ana gobe kasuwa, da la'asar, Inna ta ɗauki ɗaya daga tsakiyar tabarma ta karya biyu. Haka ake gane bushewarta: a karya, a shaƙi cikin. In da sauran danshi hanci zai faɗa maka ko ido bai gani ba. Ta miƙo mini a hanci.

Na ji shi. Ɗan kaɗan ne, can ciki, kamar warin ɗakin da aka rufe bayan ruwa. Na san tana son ƙarin kwana biyu a rana. Amma ledoji na jere a ɗaki, takardu na yayyanke su da almakashi, garin rogo ya ƙare tun jiya, kuma in kasuwar gobe ta wuce sai wani mako. Na ce wa kaina danshi kaɗan ba ya hana komai, ai kullum haka ake sayar da ita tana ƙarasa bushewa a ƙwarya. Ban tuna cewa ƙwarya tana shan iska ba.

"Ta bushe," na ce.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, Inna."

Ta dubi guntun da ke hannunta. Ba ta kai shi hancinta ba. Ta mayar a tabarma ta ce a kawo ledojin. Na ji kaina ya yi girma, ganin ta yarda da ni har haka.

Kafin magariba mun gama. Ina saka biyar-biyar da takarda guda, Gwaggo na bi da bakin ledar a kan wutar buji, wato kyandir, tana liƙewa. Da muka jera su a tasa sai sheƙi suke, tsakar gidan ma warin ya ragu. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsu ba.

Hajiya Dije na zaune a kujerarta tana ba masu tuƙa tuwo umarni muka iso.

"Fofo, Hajo, sannu da zuwa. Yau kuma magani kika koma sayarwa?"

Ta ɗauki leda ɗaya, ta juya, ta kai hanci, ta sake kaiwa.

"Wannan ai bebiya ce. Ta yaya zan san taki ce?"

"Ga sunan a rubuce, Hajiya," na ce.

"Ɗiyata, ni hancina ne ya yi lakwal, idona bai je ba."

Direbobin da ke kan benci suka kwashe da dariya. Amma ɗaya ya miƙo hannu, ya karanta da ƙarfi, ya cusa ledar a aljihun rigarsa, ya shaƙi rigar, ya ce shi biyar yake so. Na kusa da shi ya ce uku. Na tsaya ina yi musu bayani da Hausa da Faransanci, ina nuna lambar salula. Hajiya ta ga haka ta ce za ta karɓi sauran duka ta jera a gaban rumfarta. Kafin ta sa a ɗauka sai ta rage murya.

"Hajo, ni ban ji komai ba, da bakinki zan sayar. An shaƙa?"

Inna ta dube ni, sannan ta ce, "An shaƙa, Hajiya."

Ranar da masara muka koma, da gishiri, da ɗan busasshen kifi. Ƙannena suka ci tuwo har suka yi barci da hannu a kwano. Ni kuma na karɓi salular Baba, na kai ta caji Tanda, na ɗaure ta a bakin zanena ina jiran kira.

Kwana biyar ta yi shiru. A na shida ta yi ƙara ina tsinkar tafasa a bayan gida. Namiji ne, ana jin ƙugin mota a bayansa. Ya tambaya ko nan ne wajen Hajo. Na ce nan ne, nawa yake so. Ya ce ba ya son ko ɗaya. Ya kai wa matarsa tsaraba gaban 'yan'uwanta, ta buɗe, sai fumfuna fari da kore, da tsutsa. Bai zage ni ba. Ya ce dai in gaya wa tsohuwar ta ji tsoron Allah. Kafin yamma an kira sau huɗu. Na kashe salular na mayar wa Baba, na ce caji ya ƙare.

Ranar kasuwa Inna ta yafa mayafinta ta ce in taso. Na riga na faɗa mata an kira, ban faɗa mata sauran ba.

Tasar na ajiye a gefen rumfa, an rufe ta da buhu. Hajiya Dije ta yaye. Ledojin sun kumbura, cikinsu ya yi gumi, takardun sun jiƙe, tawada ta zubo ta kan sunan. Masu tuƙa tuwo suka tsaya da muciya a hannu. Mai ƙosai ta gefe ta matso.

"Shekara nawa, Hajo, ban taɓa buɗe ƙwaryarki na duba ba. Mutanen nan gobe ma nan za su biyo. Da sunana na haɗa na ba su."

Na buɗe baki. Har yau ban san ko da gaske zan yi magana ba, don Inna ta riga ni.

"Hannuna ne, Hajiya. Ni na yi gaggawa. Ki yi haƙuri."

Hajiya ta dube ta. Ta ce akwai wata mata daga Karakara da ta daɗe tana binta, za ta riƙa karɓar tata kafin mutane su manta. A hankali ta faɗa, ba da faɗa ba, ta kuma sa aka zubo mana tuwo. Inna ta yi godiya, ta ce mun ƙoshi.

Ita ta ɗauki tasar a kanta. A gida ta zauna bayan ɗaki ta farke ledojin ɗaya bayan ɗaya, tana zare takardun tana tarawa a cinyarta. Warin ya kori kowa, ni kaina sai da na toshe hanci da mayafi, ita kuwa ko fuska ba ta yamutsa ba. Na ɗauka tsabar ɓacin rai ne. Ta binne daddawar a juji, takardun kuma ta saka su a murhu. Ta ce ba ta so a taka sunan.

Sauran daminar mun ƙarasa ta da tafasa da muruci. Baba ya sayar da akuyarmu. Da hatsin shuka ta biyu ya yi ido muka gasa tumu, ƙannena na ƙona yatsu suna murza shi suna dariya, sannan aka buɗe lakwal na dawo Gaya.

Inna ba ta ƙara yin daddawa ba. Bazara ta zagayo, ta kaɗo ɗorawarta, ta sayar wa wasu mata kalwar ɗanya. Ta koma dafa muruci tana kaiwa bakin hanya. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban taɓa ce mata na ji danshin ba. Na bar shi a kan cewa kunyar kasuwa ce ta raba ta da aikinta, kuma ni na jawo mata.

Yanzu ina koyarwa a nan Gaya. 'Yan mata na sayar da daddawa a leda da kwalba, da takarda mai launi, suna aika hotonta ta salula har Yamai, kuma ba ta lalacewa, don suna barinta ta bushe har ciki. Nakan saya. Kafin in biya sai na roƙi mai ita ta bar ni in buɗe guda in karya.

Inna ta rasu shekara uku da suka wuce. Bara da kaka Gwaggo Lanti ta zo ganin likita ta sauka a wurina. Ina haɗa mata miyar kuka, na jefa daddawa, ban san yadda aka yi ba sai na ji ina faɗa mata komai, har danshin da na ji na ɓoye. Na ce abin da ban gane ba shi ne me ya hana Inna ta shaƙa da kanta a ranar, ita da hancinta ya fi na kowa a Tanda.

Gwaggo ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Ashe ba ta gaya miki ba har ta tafi. Ta ce kada kowa ya ji, masu saye za su gudu. Tun zazzaɓin bazarar nan uwarki ba ta ƙara jin wari ko ƙamshi ba, har ta koma ga Allah. Duk daminar da hancinki ta yi aiki."